Kimiyyar da ke Cikin Haɗa Samfurin Jirgin Yaƙi: Misali da Jirgin Hurricane

Gabatarwa

A shekarar 1942, watanni kaɗan bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ruwanta ta miƙa wata buƙata ga makarantun sakandaren ƙasar. Buƙatar kuwa ita ce ɗalibai su sassaƙa ƙananan jiragen sama na katako har guda 500,000, kowanne da siffar wani jirgin yaƙi na gaske, na gida ko na abokan gaba. Da waɗannan ƙananan jirage aka riƙa koya wa sojoji yadda za su shaida jirgi tun yana nesa. Ɗan kuskure a siffar fiffike ko ta wutsiya yana iya sa a harbo jirgin gida, ko kuma a ƙyale na maƙiyi ya wuce. Saboda haka ba a karɓar aikin ɗalibi sai an duba shi an tabbatar ya dace da zanen da aka ba shi.

Bayan yaƙin, haɗa irin waɗannan samfurori ya zama abin sha'awa ga yara da manya a ƙasashe da dama, sai dai roba ta maye gurbin katako. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da samfurin jirginsa na farko, wato Spitfire, a cikin shekarun 1950, daga nan wasu kamfanoni irin su Revell da Tamiya suka cika kasuwa da nasu. Ana sayar da samfurin a kwali, sassansa a rarrabe. Mai saye ne zai harhaɗa su, ya yi musu fenti, sa'an nan ya sanya wa jirgin alamun amfani da wahala, irin su baƙin hayaƙi da ƙura da ƙoƙewar fenti. Wannan mataki na ƙarshe shi ake kira tsufarwa.

Wannan darasi zai bi aikin daki-daki domin ya nuna lissafi da kimiyyar da ke ƙunshe a cikinsa. Babban abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne cewa kowane tabo a jikin jirgi na gaske yana da sanadi, kuma wanda bai san sanadin ba zai sanya tabon inda bai dace ba.

Jirgin da aka zaɓa

Hurricane jirgin yaƙi ne mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda kamfanin Hawker na Ingila ya ƙera bisa zanen injiniya Sydney Camm. Ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamba, 1935, kuma an ƙera fiye da guda 14,000 kafin a daina. Injinsa Rolls-Royce Merlin ne mai silinda 12. Faɗinsa daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan ƙafa 40 ne, watau mita 12.19. A yaƙin sararin samaniyar Birtaniya na 1940, jiragen Hurricane ne suka kakkaɓo fiye da rabin jiragen Jamus da aka harbo, duk da cewa Spitfire ya fi shi suna.

Akwai dalilai biyu na zaɓen wannan jirgi. Na farko, jikinsa haɗin gambiza ne. Murfin injinsa na alminiyum ne, wanda maƙera ke kira goran-ruwa, haka ma fikafikan mafi yawansu. Amma daga bayan mazaunin matuƙi zuwa wutsiya, ƙashin bututun ƙarfe ne aka jera wa siraran katako, aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafe shi da wani ruwan gam mai ɗame yadi ya yi tauri kamar fatar ganga. Ƙarfe da katako da yadi kuwa kowanne da irin tsufansa.

Dalili na biyu shi ne jirgin ya ratsa ƙasar Hausa. Da Italiya ta shiga yaƙin a watan Yuni na 1940, Faransa kuma ta faɗi, sai bin Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila masu kai kayan yaƙi Masar. Aka koma ana loda jiragen sama a manyan akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. A can ake harhaɗa su, sa'an nan su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda ake kira Injamena a yau, da Janaina da Alfashir da Hartum a Sudan, har su isa Alƙahira. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000, takan ɗauki kimanin kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Ma'auni da lissafinsa

A jikin kowane kwali akan ga an rubuta 1/72 ko 1/48. Wannan shi ne ma'auni, irin wanda ake gani a gindin taswira. Ma'anar 1/72 ita ce an raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 72, an ɗauki kashi ɗaya. Adadin ya samo asali ne daga awon Ingilishi, domin ƙafa 6 inci 72 ne, ke nan inci ɗaya a samfuri yana wakiltar ƙafa 6. A ma'aunin 1/48 kuwa, kwatan inci ne ke wakiltar ƙafa ɗaya.

Faɗin Hurricane ƙafa 40 ne, watau inci 480. Idan aka raba 480 da 48 za a sami inci 10 cif, ko santimita 25.4. Idan aka raba da 72 za a sami inci 6.67, kimanin santimita 16.9. Matuƙi mai tsawon mita 1.8 zai koma santimita 2.5. Haka nan samfurin 1/72 da aka kalla daga nisan ƙafa 35 zai cika ido daidai da jirgin gaske da ke nisan ƙafa 2,520, wato kusan rabin mil. Wannan ne ya sa ya yi amfani wajen horar da sojoji.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen faɗin fili da nauyi. Fili tsawo ne sau faɗi, kuma kowannensu ya ragu sau 72, saboda haka filin ya ragu sau 72 x 72, watau 5,184. Filin fikafikan Hurricane kimanin murabba'in mita 24 ne, a samfuri sai ya koma kimanin murabba'in santimita 46. Girman jiki kuwa tsawo ne sau faɗi sau kauri, don haka ya ragu sau 72 x 72 x 72, watau 373,248. Jirgin na farko-farko, cike da mai da harsasai, nauyinsa kimanin kilogiram 3,000 ne. Da za a ƙanƙantar da shi baki ɗaya, da injinsa da matuƙinsa, da nauyinsa bai wuce giram 8 ba.

A nan akwai abin lura. Nauyi ya ragu sau 373,248, amma filin fiffiken da ke ɗauke da shi ya ragu sau 5,184 kacal. Ke nan kowane yanki na ƙaramin fiffiken yana ɗaukar kashi ɗaya cikin 72 na nauyin da takwaransa babba ke ɗauka. Galileo ya bayyana wannan ƙa'ida tun a 1638, kuma ita ce ta sa tashi ya fi wa tsada sauƙi a kan jimina, ta kuma sa ƙafar giwa ta yi kauri yayin da ta tururuwa take kamar zare.

Samfurin roba dai yakan zarce giram 8 ɗin nan. Dalili shi ne kaurin robar yakan kai milimita ɗaya, wanda a ma'aunin 1/72 daidai yake da bango mai kaurin santimita 7.2, alhali fatar alminiyum ta jirgin gaske ba ta wuce milimita ɗaya ko makamancin haka ba. Wannan lissafi ya shafi komai a cikin aikin. Ƙarce mai faɗin rabin milimita a samfuri yana nufin rauni mai faɗin santimita 3.6 a jirgin gaske. Ɗan ɗigon gam da ya bushe a kan fiffike kuma yana iya zama daidai da faifai.

Roba da gam

Robar da ake yin samfuri da ita sunanta folistirin, ana samo ta daga man fetur. Tushenta wani sinadari ne mai suna sitirin, wanda kowace ƙwayarsa ke ɗauke da kabon 8 da haidirojin 8. Idan dubban ƙwayoyin suka sarƙu, sai su zama dogayen sarƙoƙi da suka cukurkuɗe da juna kamar taliya a tukunya. A yanayin ɗaki sarƙoƙin ba sa motsi, shi ya sa robar take da tauri. Da zafi ya kai wajen digiri 100 na ma'aunin Selshiyas sai su fara zamewa, robar ta yi laushi. A masana'anta ana narkar da ita da zafin da ya fi haka, a matsa ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, kamar dai yadda masu zubin tukunya ke kwarara narkakken goran-ruwa. Hanyoyin da robar ta bi ta cika mazubin su ne suke daskarewa su zama firam ɗin da sassan ke maƙale da shi.

Kafin a fara aiki yana da kyau a wanke sassan da ruwan sabulu, domin maiƙon masana'anta da na yatsu yana hana fenti kamawa. Ana yanke kowane sashe daga firam da ɗan almakashi ko reza, ba a murɗe shi, sa'an nan a goge wurin da samfefa mai laushi. Ana fara fentin mazaunin matuƙi kafin a rufe ɓangarori biyu na gangar jiki, tun da burushi ba zai sake isa ciki ba. Kuma kowane sashe ana gwada shi a wurinsa tukuna kafin a taɓa gam.

Gam ɗin roba ya bambanta da gam ɗin takarda. Shi ruwan narkarwa ne. Idan ya taɓa fuskokin sassa biyu, sai ya kwance sarƙoƙin da ke saman kowannensu, su kutsa cikin juna. Daga nan ruwan ya bi iska, sarƙoƙin su daskare a cuɗe, sassan biyu su zama abu guda. Aikin ya fi kama da walda. Wannan bayani shi ke warware abubuwa uku da sabon shiga yakan yi kuka da su. Gam ba ya kama wurin da aka yi wa fenti, saboda fentin ya shiga tsakaninsa da robar. Idan gam ya yi yawa robar takan lotsa, saboda ya narkar da fiye da abin da ake bukata. Idan kuma ya taɓa murfin mazaunin matuƙi mai kama da gilashi, sai murfin ya yi hazo, saboda fuskarsa mai santsi ta narke ta yi kaushi. Don haka da farin gam na kafintoci ake manna murfin.

Gam mai tsinkewa kamar ruwa ba a shafa shi. Ana haɗa sassan ne, a ɗiga shi a bakin tsagar da ke tsakaninsu, shi da kansa zai bi tsagar ya gudu. Ƙarfin da ke jansa shi ne dai wanda ke hawar da kananzir cikin lagwanin fitila: a siririyar hanya, jan da bango ke yi wa ruwa yana rinjayar nauyin ruwan.

Fenti, tambari da haske

Kowane fenti abu uku ne: garin launi, da maɗauri mai riƙe garin a jikin abu, da ruwan da ke tsinka su wanda ke bin iska bayan an shafa. Iri biyu aka fi amfani da su, wato mai ruwan mai wanda ake tsinkawa da tina, da kuma akirilik wanda ake tsinkawa da ruwa ko sinadarin alkohol. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, domin fenti mai kauri yana cike siraran layukan da ke nuna mahaɗar faranti.

Jiragen Ingila da suka yi yaƙi a Turai a 1940 suna da launin kore mai duhu da ruwan ƙasa a samansu. Na hamada kuwa daga baya an mayar da su ruwan ƙasa da ruwan rairayi, cikinsu kuma shuɗi mai haske, domin su saje da ƙasa ga mai kallo daga sama, su saje da sararin sama ga mai kallo daga ƙasa. Masu haɗa samfuri da yawa sukan ɗan sirka launin da fari. Hujjarsu ita ce kallon samfuri daga nisan mita ɗaya tamkar kallon jirgi ne daga mita 72, iskar da ke tsakani kuma, da ƙurarta da tururinta, tana watsa haske ta dusashe launi. Duk wanda ya hangi dutse a lokacin hazon hunturu ya ga wannan da idonsa.

Tambura da lambobin jirgi suna zuwa a wata takarda da ake jiƙawa, su saɓule a manna su. Idan aka manna su a kan fenti maras sheƙi, sau da yawa gefensu yakan yi fari-fari kamar azurfa. Fenti maras sheƙi, in an duba shi da madubin ƙara girma, cike yake da tudu da kwari, abin da ke sa ya watsa haske ta ko'ina. Tambarin yakan zauna a kan tuddan ya bar iska a cikin kwaruruwan, iskar ce kuma ke mayar da haske. Maganin abin shi ne a shafa wa jirgin fanish mai sheƙi kafin a manna tambari, bayan an gama komai kuma a rufe da fanish maras sheƙi.

Tsufarwa: kowane tabo da sanadinsa

Baƙin hayaƙi. Bututun hayaƙin Hurricane suna gefe biyu na hancinsa, kuma tabon da suke bari yana bin gangar jiki zuwa baya. Launin tabon yana ba da labarin yadda injin ya ƙona mai. Idan mai ya yi yawa a kan iska, kamar lokacin tashi ko artabu, kabon ba ya ƙonewa duka, sai ya fita a matsayin kunkunniya, tabon ya yi baƙi. Idan matuƙi ya rage mai domin tafiya mai nisa, kunkunniya takan ragu, tabon ya yi ruwan toka mai haske. Wannan hasken daga dalma yake, domin ana zuba wani sinadarin dalma a man jiragen don hana injin bugawa, gishirin dalmar kuma yana fita tare da hayaƙi. Tabon ba ya tafiya a miƙe kamar an ja layi da rula. Yana bin hanyar da iska ke bi a jikin jirgin, ya fi kauri a bakin bututu, ya riƙa bajewa yana dusashewa. Ana kwaikwayonsa da garin alli mai launi ko garin gawayi, a ɗiba kaɗan da busasshen burushi a ja daga gaba zuwa baya.

Ƙoƙewar fenti. Fenti yana ƙoƙewa ne inda ake gogarsa. A Hurricane matuƙi yana hawa ta gefen hagu, saboda haka gindin fiffiken hagu ya fi na dama cin takalmi. Sauran wuraren su ne bakin fikafikai na gaba inda tsakuwa da rairayi ke duka, da kewayen kusoshin murfin inji, da ƙofofin da makanikai ke buɗewa kullum don loda harsasai. Abin da ke bayyana a ƙarƙashi alminiyum ne mai launin azurfa. Ba ya yin jar tsatsa, domin da zarar iskar oksijin ta taɓa shi sai ya yi wata siririyar fata mai tauri da ke kare sauran ƙarfen. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa ɓarɓashi take yi ta zube, ta buɗe sabon wuri. Don haka jar tsatsa a fiffiken Hurricane kuskure ne, wurinta shi ne bututun hayaƙi, waɗanda ƙarfe ne da wuta ke gasawa. Kuskure mafi girma shi ne a zana ƙoƙewar ƙarfe a bayan gangar jiki, inda yadi ne. Yadi yakan kode, ya yi datti, ya yage a yi masa faci, facin kuma yakan fito da launin da ya ɗan bambanta. Haka ma farfela, wasu na ƙarfe ne, wasu kuma na matsattsen katako, don haka sai an tantance irin wadda jirgin ke ɗauke da ita. Ana yin ƙoƙewa da fensir mai launin azurfa, ko da ɗan guntun soso da aka tsoma a fenti aka kusan share shi.

Kodewa. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, mai suna ultra-bayolet, wanda ke da ƙarfin tsinka sarƙoƙin maɗaurin fenti. Idan maɗaurin ya lalace, garin launin yakan fito fili, fentin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa alli. Saman fikafikai da doron jirgi su ne suke shan rana, cikinsa kuwa yana inuwa. Ke nan sama kaɗai ake haskakawa, kuma ba bai ɗaya ba, tun da ana sauya wasu faranti da sababbi.

Mai da ƙura. Man inji yana tsiyaya ne daga ƙarƙashin hanci, iska ta ja shi baya ya zama siraran zirin baƙi-baƙi a cikin jirgin. Ƙura kuma tana manne wa duk inda mai ya jiƙa. Tayoyi suna watsa ƙasa cikin ramukansu da ƙarƙashin fikafikai, kuma launin ƙurar launin ƙasar filin jirgin ne. A hamada rairayi babban maƙiyin inji ne, domin yana shiga silinda ya cinye ta kamar samfefa. Wannan ya sa aka ɗaura wa jiragen ƙasashe masu zafi wata babbar matatar iska ta kamfanin Vokes a ƙarƙashin hanci. Samfurin Hurricane na hamada da ba shi da wannan haɓa ya rasa babbar alamarsa.

Domin fito da layukan mahaɗar faranti, ana tsinka fenti mai duhu sosai da tina har ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga a layin, ya bi shi da kansa kamar yadda gam ya yi. A nan ilmin sinadarai yana da rana. Kowane ruwan narkarwa danginsa yake narkarwa. Idan fentin ƙasa mai ruwan mai ne, tinar za ta kwance shi ta ɓata aikin mako guda cikin minti ɗaya. Idan kuwa akirilik ne da ya bushe sarai, tina mai sauƙi ba za ta taɓa shi ba, kuma ana iya goge abin da ya yi yawa da auduga.

Jirgi ɗaya, tarihi biyu

A ɗauka ɗalibai biyu sun sami samfurin Hurricane iri ɗaya. Na farko yana so ya nuna jirgin a filin Kano a 1941, kan hanyarsa ta zuwa Masar. Na biyu yana so ya nuna shi bayan ya yi watanni yana yaƙi a hamadar Libiya. Jirgin ɗalibi na farko bai daɗe da fitowa daga akwati ba, sa'o'i kaɗan ya yi a sama. Fentinsa sabo ne, babu kodewa, babu faci, ƙoƙewa kuma sai ɗan abin da takalmi ya yi. Abin da ya dace da shi shi ne tabon hayaƙi maras kauri mai ɗan haske, tun da tafiyar tattalin mai yake yi, da ƙura a tayoyi, da tankunan ƙarin mai a ƙarƙashin fikafikai. Jirgin ɗalibi na biyu kuwa ya cancanci kodaɗɗen doro, da gogaggen bakin fiffike, da zirin mai, da baƙin hayaƙin bindiga a bayan ramukan harbi. Idan ɗalibi na farko ya kwashe duk dabarun da ya koya ya zuba wa nasa, zai sami abin burgewa a ido, amma ya ba da labarin da bai faru ba. Hanyar tsira ita ce a nemi hoton jirgi na gaske, na wuri da lokacin da ake nufi, a ajiye shi a gaba, kada a sanya wani tabo sai an gan shi a hoton ko an san abin da ya haifar da shi.

Kiyaye lafiya da aikin aji

Tururin gam da na tina yana sa jiri da ciwon kai, kuma yana kama wuta. Wajibi ne a yi aikin a wuri mai iska, nesa da fitila ko risho, a rufe kwalabe da zarar an ɗiba. Ana yanka da reza ne ta gefen da ba jiki. Kada a gyara bakin burushi da leɓe.

Makarantar da ba ta sami samfurin kwali ba tana iya yin darasin. Ɗaliban Amurka na 1942 da katako da wuƙa suka yi nasu, yaran karkara kuma sun daɗe suna ƙera mota da jirgi da karan dawa. Abin da malami zai ƙara musu shi ne awo. Sai ya ba su tsawo da faɗin jirgin gaske, su yi lissafin ma'auni, su zana a takarda, sa'an nan su yanka a kwali ko katako mai laushi. Garin gawayi da alli da niƙaƙƙiyar jar ƙasa sun isa aikin tsufarwa. Kafin a fara, yana da amfani a kai ɗalibai tashar mota su dubi tsohuwar babbar mota da kyau, su rubuta inda hayaƙi ya baƙanta, da inda fenti ya kode, da inda ya ƙoƙe, da inda tsatsa ta ci, kowanne tare da dalilinsa.

Kammalawa

An ga yadda ma'auni ke rage tsawo da fili da nauyi ta hanyoyi daban-daban, da yadda gam ke haɗa roba ta hanyar narkar da ita, da yadda santsi ko kaushin fenti ke sarrafa haske. An kuma ga cewa hayaƙi da rana da rairayi da takalmin matuƙi kowanne yana barin alamarsa a wurin da aka sani. Ɗalibin da ya saba tambayar abin da ya jawo tabo kafin ya zana shi ya fara koyon aikin da injiniyoyi masu duba lafiyar jirage ke yi, domin su ma daga zirin mai ko sauyin launin hayaƙi suke gane ciwon inji tun jirgi yana ƙasa.

Tambayoyi

1. Faɗin fikafikan jirgin Spitfire mita 11.23 ne. Nawa zai zama da santimita a ma'aunin 1/72, nawa kuma a 1/48?
2. Idan aka yi samfuri a ma'aunin 1/48, sau nawa filin fiffike ya ragu, sau nawa kuma girman jiki ya ragu?
3. Me ya sa gam ɗin roba ba ya kama wurin da aka yi wa fenti?
4. A bayyana bambancin abin da iskar oksijin ke yi wa alminiyum da abin da take yi wa baƙin ƙarfe.
5. Wani ɗalibi ya zana ƙoƙewar azurfa a kusa da wutsiyar Hurricane, ya kuma kodar da fentin cikinsa. A nuna kurakuransa biyu tare da hujja.